Darasin Kiwon Lafiya: Tsuguno da Tashi Don Ƙarfin Ƙafa

A ƙasar Arewa kowa ya san tsuguno. Yaro na tsugunawa ya gaida babba. Mace na tsugunawa gaban murhu. Mai lambu na tsugunawa ya dasa albasa. Mai saye na tsugunawa a kasuwa ya taya hatsi. Daga Dogon Dutsi har Matankari, daga Kore Mai Ruwa har Tibiri, ba wanda anka kai makaranta don ya koyi tsuguno.

Tsuguno ba shi da wuya. Tashin ne aiki. Yaro na zabura ya miƙe bai ma sani ba. Mai shekara 40 sai ya dafa gwiwa. Mai shekara 60 sai ya dafa ƙasa, ya laluba sanda. Wata rana tsoho ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. Daga ranar nan ba ya zuwa salga shi kaɗai. Ba ya salla a tsaye. Ba ya leƙa gona. Ya koma hannun iyali.

Wannan darasi na nuna yadda mutum zai tsare ƙarfin ƙafarsa tun da sauran lokaci. Ba a bukatar kuɗi. Ba a bukatar ƙarafan da ƴan birni ke ɗagawa. Kayan aikin duk suna cikin gida: dakali, taɓarya, robar ruwa, bido, da tiyar hatsi.

1. Me ke tada mutum daga ƙasa?

Tsoka ce ke tada mutum. Manyan tsokokin jiki suna cikin cinya da ɗuwawu. Tsokar gaban cinya ita ke miƙe gwiwa. Tsokar ɗuwawu da ta bayan cinya su ke miƙe ƙugu. Tsokar ciki da ta baya su ke riƙe gadon baya kada ya lanƙwashe. In mutum ya tsuguna ya tashi, dukansu na aiki tare.

Tsoka na da hali guda. In an ba ta aiki, ta ƙaru. In an bar ta, ta ragu. Masana sun auna sun ga bayan shekara 30 tsokar mutum na fara raguwa. Cikin kowace shekara 10, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tafiya. Bayan shekara 60 raguwar na ƙara sauri. Kwanciyar ciwo ma na cin tsoka. Wanda masassara ta kwantar mako 1 ko 2 ya san haka. Ranar da ya tashi sai ya ji ƙafafunsa na rawa.

Ƙafa marar ƙarfi ita ke kawo faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ba da lissafi a shekarar 2021. Ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe marasa wadata da masu matsakaicin hali. Waɗanda sunka wuce shekara 60 su abin ya fi shafa.

Karayar ƙugu ga tsoho babbar masifa ce. Gyaranta sau da yawa sai an yi aiki a babban gidan likita. Daga Dogon Dutsi zuwa Doso ya fi kilomita 130. Zuwa Yamai ya kusa kilomita 270. Ga kuɗin mota, ga kuɗin magani, ga mai jinya da zai bar aikinsa. Shi ya sa Hausawa ke cewa rigakafi ya fi magani.

2. “Ai noma ya isa”

Wani manomi na iya cewa: “Wanda ke noma tun safe har azahar, wane motsa jiki ya rage masa?” Maganarsa na da gaskiya a ciki. Noma aiki ne mai ƙarfi. Daka ma haka. Jan ruwa a rijiya ma haka. Amma akwai abu 3 da ya kamata a duba.

Na 1, noman damina wata 4 ne ko 5. Daga an kai dami rumbu, maza da yawa sai zaman inuwa har ruwa ya sake sauka. Masu lambu cikin Dallol Mawri su ke da aiki da rani. Sauran kuwa, ƙarfin da sunka tara da damina na zubewa kafin shuka ta zagayo.

Na 2, hauya da taɓarya da guga sun fi ba hannu da kafaɗa da baya aiki. Cinya ba ta samun rabonta sosai.

Na 3, in mutum ya manyanta, yara na karɓe masa aiki don ladabi. Jika ya ɗauko buta. Suruka ta kawo ruwa. Ladabi abu ne mai kyau. Amma ƙafar da ta daina aiki, ita ke fara mutuwa.

Zama a tsugune kuma hutu ne. Ba shi ke ƙara ƙarfi ba. Abin da ke ƙara ƙarfi shi ne sauka a hankali, da tashi, a maimaita, a riƙa ƙara nauyi kaɗan kaɗan.

3. Tsufa bai hana ba

A shekarar 1990 anka buga labarin wani gwaji da anka yi a birnin Boston na ƙasar Amurka. Wata likita, Maria Fiatarone, da abokan aikinta sunka ɗauki tsofaffi 10. Shekarunsu daga 86 zuwa 96. Anka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako, har mako 8. Mutum 9 sunka kai ƙarshe. Ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa sau 3. Da sunka daina, cikin mako 4 ƙarfin ya fara komawa baya.

Gwajin nan ya koyar da abu 2. Tsokar tsoho na iya ƙaruwa. Kuma aikin ba na rana ɗaya ba ne.

A shekarar 2020 hukumar OMS ta ba da shawara. Kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, ko fiye. Wanda ya kai shekara 65 ya yi kwana 3, ya haɗa da koyon tsayuwa daram don kada ya faɗi.

Ƴan kokowa sun daɗe da sanin sirrin cinya. Tun 1975 anka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Filin kokowa na Doso na ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Isaka Isaka na jihar Doso ya ci takobi sau da dama. Duk wanda ya kalli kokowa ya ga yadda ake tsayuwa. Ƙafa a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a baya. Wanda cinyarsa ta gaji shi ke fara taɓa ƙasa. Darasin nan ba zai mai da kowa ɗan kokowa ba. Amma tsayuwar iri ɗaya ce.

4. Waɗanda za su fara ganin likita

Aikin nan na lafiya ne ga yawancin mutane. Amma waɗannan su fara zuwa gidan likita su yi tambaya:

– mai hawan jini ko ciwon zuciya;
– mai jin ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri in ya yi aiki kaɗan;
– mai gwaiwa ko ƙaba;
– mai kumburin gwiwa, ko wanda ya taɓa karaya a ƙafa ko ƙugu;
– mai ciwon baya da ke sauka har cikin ƙafa;
– mace mai ciki, da mai jego;
– macen da mahaifarta ta sauko, ko mai yoyon fitsari.

Mai masassara ko zawo ya bari sai ya warke. Wanda ya kwana da yunwa kada ya ɗauki nauyi.

5. Gwajin ranar farko

Kafin a fara, mutum ya san inda ƙarfinsa yake. Ga gwaji mai sauƙi da likitoci ke yi.

A samu benci ko dakali ko kujera mai ƙarfi. Tsawonta ya kai gwiwa, wato wajen santimita 43. In kujera ce, a jingina ta da bango. Mutum ya zauna, tafin ƙafa a ƙasa. Ya harɗe hannu a ƙirji. Wani ya riƙe agogo ko salula. Cikin rabin minti, wato sakan 30, mutum ya tashi tsaye cak ya koma ya zauna, iyakar iyawarsa. A ƙidaya tashi nawa ya yi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da ma'auni. Wanda bai kai wannan adadi ba, ƙafarsa ta yi rauni:

– shekara 60 zuwa 64: namiji 14, mace 12;
– shekara 65 zuwa 69: namiji 12, mace 11;
– shekara 70 zuwa 74: namiji 12, mace 10;
– shekara 75 zuwa 79: namiji 11, mace 10.

Wanda ya kasa tashi ko sau 1 sai da hannu, kada ya karaya. Shi ya fi kowa bukatar darasin nan. A rubuta adadin a littafi tare da kwanan wata.

6. Mataki na farko: tashi daga dakali

Kowa daga nan zai fara, yaro da babba. Kafin aiki a ɗumama jiki. A zagaya tsakar gida minti 5. A zaɓi wuri mai daidai, ba santsi, ba tsakuwa. A cire silifa, ƙafa tsirara ta fi kama ƙasa.

1. A tsaya a juya wa dakali baya, dab da shi.
2. A buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Yatsun ƙafa su ɗan kalli waje.
3. A miƙa hannu gaba. Ido na kallon gaba, ƙirji a sama.
4. A ja numfashi. A tura ɗuwawu baya, a sauka a hankali. A ƙidaya 1, 2, 3 kafin a kai.
5. A taɓa dakali kaɗan. Kada a faɗa kansa jagwab.
6. A danna ƙasa da tafin ƙafa duka, a miƙe, ana sakin numfashi.

Wannan shi ne sau 1. Sau 8 a jere shi ake kira zubi 1. Bayan zubi a huta minti 1 ko 2. Mai farawa ya yi zubi 2.

Wanda ƙafarsa ke rawa ya kafa taɓarya ko sanda a gabansa ya riƙe da hannu biyu. Ko ya riƙe ƙyauren ɗaki, ko ginshiƙin rumfa mai ƙarfi. In dakalin ya yi ƙasa da yawa, a naɗe tabarma ko bargo a ɗora a kai. Kujera ƴar tsuguno ta yi gajarta ga mai farawa. Lokacinta na zuwa.

7. Mataki na biyu: tsuguno ba wurin zama

In mutum na yin zubi 2 na sau 12 ba tare da dafa komai ba, ya bar dakali. Tsayuwar ba ta sake ba. Ya sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, sa'an nan ya tashi. Wanda gwiwarsa ke lafiya na iya sauka ƙasa da haka. Wanda ya ji ciwo ya tsaya inda ba ciwo.

Abu 4 ake lura da su kowane lokaci:

– Diddige na manne da ƙasa.
– Gwiwa na bin inda yatsun ƙafa sunka kalla. Ba ta faɗawa ciki.
– Baya a miƙe yake. Ba a yin doro.
– Numfashi na tafiya. Ba a riƙe shi.

Gwiwa ta ɗan wuce yatsun ƙafa ba laifi ba ne, muddin diddige na ƙasa.

8. Mataki na uku: ƙara nauyi da kayan gida

Jiki na sabawa. Abin da ya yi wuya a makon farko zai zama wasa a mako na 4. In an tsaya nan, ƙarfi ma ya tsaya. Sai a ƙara nauyi.

Ba a bukatar sikeli. Ruwa da hatsi su ne ma'auni. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tiya 1 ta hatsi ta kusa kilo 2 da rabi. Lita 1 ta busasshen rairayi ta kusa kilo 1 da rabi. Ga lissafin:

– robar ruwa mai lita 1 da rabi: kilo 1 da rabi;
– tiya 1 ta hatsi: kilo 2 da rabi;
– roba 2, ɗaya a kowane hannu: kilo 3;
– ƙaramin bido mai lita 5, ko tiya 2: kilo 5;
– tiya 3: kilo 7 da rabi;
– tiya 4, ko bido 2 masu lita 5: kilo 10.

Hatsi a zuba shi cikin ƙaramin buhu, a ɗaure bakin tam. Ya fi daɗin runguma, kuma ko ya faɗi kan ƙafa ba ya jin ciwo. Bayan aiki a mai da shi inda yake, ba a yi asarar ko tsaba ɗaya ba. Bido a cika shi taf a rufe. In rabi ne, ruwan na kaɗawa ya ja mutum gefe.

Hanyar riƙo 2 ce.

Runguma a ƙirji. A ɗauki buhun ko bidon da hannu biyu. A manna shi da ƙirji, ƙasa da haɓa. Gwiwar hannu na kallon ƙasa. A tsuguna a tashi kamar da. Wannan riƙo ya fi dacewa da mai farawa, don yana taimakon baya ya zauna a miƙe.

Riƙo a gefe. A ɗauki roba 2 ko bido 2 masu nauyi ɗaya. Hannu na rataye a gefen jiki, kamar mai ɗauko ruwa. A sauka har kayan su kusa taɓa ƙasa, a tashi.

Ga abin da ba a yi. Ba a ɗora kaya a ka a tsuguna, wuya na iya murɗewa. Ba a ɗaukar tulu, yana da santsi kuma yana fashewa. Ba a yin aikin da goyo a baya. Ba a fara da babban bido mai lita 25. Buhu mai tiya 40 kuwa na amalanke ne.

9. Yaushe ake ƙari?

Ƙa'idar guda ce. A ɗauki nauyin da za a iya yi da shi sau 8 da kyau. Biyun ƙarshe su yi wuya, amma kada tsayuwa ta lalace. Kowane mako a ƙara sau 1 ko 2. Ranar da anka kai sau 12 cikin sauƙi, a ƙara nauyi kaɗan, kilo 1 ko 2. Sai a koma sau 8.

Ga misalin tsari na mako 8 ga mai lafiya:

– mako 1 da 2: tashi daga dakali, zubi 2;
– mako 3 da 4: tsuguno ba wurin zama, zubi 2;
– mako 5 da 6: tsuguno da tiya 1, zubi 2 ko 3;
– mako 7 da 8: tsuguno da tiya 2, zubi 3.

Saurayi na iya wuce wannan da sauri. Tsohuwa na iya yin wata 2 a kan dakali. Duka daidai ne. Sannu ba ta hana zuwa.

A yi kwana 2 ko 3 a mako. A bar kwana 1 tsakani, don lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Misali Litinin da Alhamis, ko Asabar da Litinin da Laraba. Aikin duka bai wuce minti 15 ba.

10. Tsami da ciwo ba ɗaya ba ne

Kwana 1 ko 2 bayan aikin farko, cinya za ta yi tsami. Haka manomi ke ji a makon farko na noma. Tsamin na wucewa cikin kwana 3 ko 4. Tafiya kaɗan na sassauta shi.

Ciwo daban yake. In an ji suka cikin gwiwa, ko ƙugu, ko gadon baya, a tsaya. A rage nauyi, a rage zurfin sauka. In gwiwa ta kumbura, a huta a nemi likita. In an ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko duhu a ido, a zauna nan take. A kira wani, a tafi gidan likita ranar nan.

11. Lokaci, ruwa da abinci

Zafin Maris da Afrilu da Mayu ba abin wasa ba ne. A yi aikin da sanyin safiya, ko bayan la'asar, cikin inuwa. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Da azumi a bari sai an sha ruwa an huta, kuma a rage zubi.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka. Akwai hatsi a rumbu, akwai sarari. Wanda ya fara a Nuwamba, kafin shuka ya yi wata 6 yana gina ƙafarsa. In noma ya yi nauyi da damina, kwana 1 a mako ya isa a riƙe abin da anka samu.

Tsoka da abinci take ginuwa. Tuwo da fura na ba da ƙarfin aiki. Amma masu gina tsoka su ne wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, gujiya, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Ganyen zogale a cikin kwaɗo ko dambu na ƙara amfani. Ƙasar Arewa ƙasar wake ce. Kada a kai shi kasuwa duka. A bar na gida, a riƙa sa wa tsofaffi rabonsu. Wanda haƙoransa sunka zube a dafa masa waken ya yi laushi.

12. Amfaninsa cikin aikin kullum

Darasin nan na gyara yadda ake ɗaukar kaya daga ƙasa. Mutane da yawa na duƙawa da ƙafa a miƙe, su fizgo bokiti ko dami daga nesa. Sai baya ya ɗauki wahalar duka.

Ga yadda ya fi. A matso kusa da kayan. A buɗe ƙafa. A tsuguna, a kama da hannu biyu. A jawo kayan jikin ciki. A tashi da cinya. In za a juya, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kira na biyu.

Mai ban ruwa a lambu na ɗaga bokiti sau da yawa a yini. Mai ɗauko ruwa a famfo haka. Mai loda amalanke haka. Dukansu za su ga bambanci.

13. Mata, dattawa da yara

Mace na iya yin aikin nan a tsakar gida. Ta sassauta ɗaurin zane, ko ta sa wando a ciki, don ƙafa ta buɗe. Ƙarfafa tsoka na ƙarfafa ƙashi. Wannan na da amfani ga macen da jinin al'ada ya ɗauke mata, don a lokacin ƙashi ke saurin yin sakaka.

Wani dattijo zai ji kunya, ya ce wannan wasan yara ne. Ba dole a yi shi a ƙofar gida ba. Cikin ɗaki ma ya yi, a bakin gado. Jika ya tsaya kusa ya ce: “Kaka, riƙe sandar nan, ni ke ƙidaya.” Ɗa ya ce: “Baba, saura 2, a hankali.” Mai taimako ya tsaya a gefe, hannunsa kusa da bayan tsohon. Kada ya ja shi da hannu. Kunyar minti 15 ta fi sauƙi bisa shekarun da za a yi ana ɗaga mutum ana kwantarwa.

Yara na iya yi da nauyin jikinsu kawai, gaban babba. Kada a mai da shi horo. Tsallen kwaɗo da kamun kunne ba su cikin darasin nan.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ɗaliban yaƙi da jahilci na iya yin zubi 2 tare kafin a buɗe littafi. Maƙwabta mata na iya haɗuwa gida ɗaya. Wanda ya yi kuskure, ɗan'uwansa ya gyara masa.

14. Aikin rubutu da lissafi

Kowane ɗalibi ya ja layi 4 a littafinsa. Ya rubuta a sama: rana, nauyi, zubi, sau nawa. Duk ranar da ya yi aiki ya cika. Bayan mako 8 a sake gwajin sakan 30. A gwada sabon adadi da na ranar farko.

Tambayoyi

1. Waɗanne tsokoki ke tada mutum daga tsuguno?
2. Kwana nawa a mako ya kamata a yi aikin nan?
3. Su wa za su fara ganin likita?
4. Waɗanne abubuwa 4 ake lura da su wajen tsuguno?
5. Tiya 3 ta hatsi kilo nawa ce?
6. Mace ta riƙe bido 2, kowane lita 5. Kilo nawa ta ɗauka?
7. Mutum ya yi zubi 3, kowane sau 8. Sau nawa ya tsuguna?
8. Ranar farko wani ya tashi sau 9. Bayan mako 8 ya tashi sau 13. Nawa ya ƙaru?
9. Me ya bambanta tsami da ciwo?

Wanda ya karanta darasin nan ya karanta wa mutanen gidansu. Ya fara nuna wa wanda ya fi kowa shekaru a gidan. Lafiya uwar jiki.